Majalisar Sikotlan da gardamar haya da haraji: wa ke riƙe da me?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata biyu ke nan a Gilasgo. Ranar Alhamis ina hutu na kalli zaman majalisar Sikotlan a talabijin, na ga ana ta cacar baki kan tsadar haya da haraji. Da an tambayi Babban Minista sai ya ce laifin gwamnatin Landan ne, 'yan adawa kuma su ce ba haka ba ne. To in suna da majalisarsu, me ya kawo Landan a ciki? Me ya sa kuma harajina ya fi na ƙawata da ke Manchesta alhali albashinmu kusan ɗaya ne? Ga shi ma mai gidan da nake haya ya aiko min da takardar ƙarin kuɗi, ni kuwa na ji an ce an hana ƙari.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da aiki. Abin da kika kalla shi ne zaman yi wa Babban Minista tambayoyi, wanda ake yi duk Alhamis da sha biyun rana in majalisa na zama. Na daɗe ina aikin ba masu haya shawara a ƙasar nan, kuma tambayoyinki uku saiwarsu ɗaya. Da aka zo raba iko tsakanin Edinbara da Landan, ba a ce "ga naku, ga namu" aka tashi ba. Kusan kowace magana an tsaga ta biyu ne, rabi can rabi nan. Shi ya sa mai cewa laifin Landan ne yake da hujja, mai ƙaryata shi ma yake da tasa.

Majalisar Sikotlan, wadda ke unguwar Holirud a Edinbara, ba tsohuwa ba ce. A Satumbar 1997 aka yi ƙuri'ar raba gardama, wajen kashi 74 cikin ɗari suka ce suna so, ta fara zama a Mayun 1999 da wakilai 129. Dokar 1998 da ta kafa ta ta lissafa abubuwan da Landan ta riƙe wa kanta: tsaro, hulɗa da ƙasashen waje, shige da fice, kuɗin ƙasa, yawancin haraji da yawancin tallafin marasa ƙarfi. Duk abin da ba a lissafa ba, na Holirud ne: lafiya, ilimi, gidaje, 'yan sanda, ƙananan hukumomi. Ke da kika fito daga Najeriya za ki ce ai wannan shi ne jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya. Sun yi kama, amma akwai bambanci babba. Ikon majalisar jihar Kano daga tsarin mulki yake, majalisar tarayya ba za ta tashi rana ɗaya ta ƙwace shi da ƙaramar doka ba. Ikon Holirud kuwa majalisar Birtaniya da ke Wesminsta a Landan ce ta bayar, kuma a rubuce yake cewa har gobe tana iya yi wa Sikotlan doka a kan komai. Al'ada ce kawai ta ce ba za ta yi hakan ba sai ta nemi yardar Holirud, kuma an keta al'adar fiye da sau ɗaya bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. A 2017 ma Kotun Ƙoli ta ce ba aikin alƙali ba ne ya tilasta a bi ta.

Bari mu zo kan harajinki, don a nan ne za ki ga tsagar da idonki.

Ɗauko takardar albashinki ta watan jiya. Inda aka rubuta lambar haraji, za ki ga harafin S a gaba, misali S1257L. Ƙawarki ta Manchesta ba ta da wannan harafin. Shi ne ke gaya wa hukumar haraji ta Birtaniya cewa mazauninki Sikotlan ne, a yi miki lissafi da ma'aunin Holirud. Ba haka abin yake tun farko ba. A 1999 ikon da aka ba su shi ne su ƙara ko su rage kwabo uku a cikin fam, kuma ba gwamnatin da ta taɓa amfani da shi. Sai bayan ƙuri'ar neman ballewa ta 2014, wadda masu son a zauna tare suka ci da kashi 55 cikin ɗari, aka cika alƙawarin da aka yi musu na ƙarin iko. Dokar 2016 ta ba Holirud damar tsara matakan harajin albashi yadda take so, daga Afrilun 2017.

Ga yadda abin ya kasance a shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025. A Ingila matakai uku ne: kashi 20, 40 da 45. A Sikotlan shida: 19, 20, 21, 42, 45 da 48. Wanda albashinsa bai kai wajen fam 28,800 a shekara ba, ya ɗan fi na Ingila sauƙi, amma sauƙin bai wuce fam 23 ba a shekara gaba ɗaya, kuɗin cefanen yini ɗaya. Mai fam 30,000 ya biya fam 11 fiye da takwaransa na Ingila, wannan ma ba abin ɗaga murya ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne babban mataki. A Ingila sai albashi ya haura fam 50,270 ake fara cire kashi 40, a Sikotlan kuwa da ya haura fam 43,662 ake fara cire kashi 42. Mai fam 50,000 a Gilasgo ya biya wajen fam 9,028, na Manchesta ya biya 7,486. Tazarar ta haura fam 1,500.

Akwai kuma wani abin da ke cizon ma'aikatan asibiti masu yawan karɓar aikin dare da na ƙarshen mako. Kuɗin inshorar ƙasa da ake cirewa a albashi, wannan na Landan ne, Holirud ba ta da hannu a ciki. An tsara shi ne da ma'aunin Ingila: kashi 8 har zuwa fam 50,270, daga nan ya sauka zuwa kashi 2, daidai inda harajin Ingila ke hawa. A Sikotlan harajin ya riga ya hau tun daga 43,663, inshorar kuma ba ta sauka ba tukuna. Don haka duk fam ɗin da kika samu tsakanin waɗannan lambobi biyu, rabinsa cif ne ke shiga aljihunki. Na sha ganin ma'aikaciya ta zo da takardarta tana cewa an yi kuskure, ta yi ƙarin kwana huɗu a wata amma kuɗin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Ba kuskure ba ne. Gwamnatoci biyu ne kowacce ta ɗora ma'auninta a kan albashi ɗaya, babu wadda ta dubi na ɗayar.

A zauren majalisa, 'yan jam'iyyar adawa ta Kwanzabatib kan ce Sikotlan ce yankin da ya fi kowane biyan haraji a Birtaniya, kuma hakan zai kori likitoci da injiniyoyi zuwa kudu. Gwamnatin jam'iyyar SNP, mai rajin ballewar Sikotlan daga Birtaniya, kan mayar da cewa mafi yawan mutane ba su biya fiye da na Ingila ba, ga magani kyauta in likita ya rubuta, ga karatun jami'a ba kuɗin makaranta ga 'yan ƙasa, ga tallafin mako-mako da aka fara ba yaran gidaje masu ƙaramin ƙarfi a 2021 da fam 10, ya kai fam 25 kafin ƙarshen 2022. Dukansu gaskiya suka faɗa, kowa dai ya zaɓi ɓangaren da ya yi masa daɗi.

Abin da ba kasafai ake bayyana wa masu kallo ba shi ne, ba duk ƙarin harajin ne ke zama riba ga Sikotlan ba. Babban kason kuɗin gwamnatin Edinbara har yanzu daga baitulmalin Landan yake zuwa a dunƙule, bisa lissafin Barnett da aka ƙirƙiro tun 1978: in aka ƙara wa asibitocin Ingila kuɗi, Sikotlan ta samu kaso gwargwadon yawan jama'arta, in aka rage, ita ma a rage mata. Da aka miƙa musu harajin albashi, sai aka ce to za a riƙa zare wani abu daga dunƙulen, kwatankwacin abin da Landan za ta tara da ita ke karɓa, kuma abin da ake zarewar yana girma ne daidai da yadda haraji ke girma a Ingila. Ma'ana, in albashin ma'aikatan bankunan Landan ya yi tsalle, na Sikotlan bai bi ba, sai abin da ake zarewa ya cinye wani ɓangare na ƙarin da ke da ire-irenki kuka biya. Hukumar hasashen kuɗi ta Sikotlan, wadda ba ta ƙarƙashin ministoci, ta sha nuna wannan giɓin. Ga kuma harajin kayan masarufi, da na kamfanoni, da na ribar hannun jari da ajiyar banki, duk suna hannun Landan. An ba su ragama ɗaya ce mai nauyi, shi ya sa duk shekara ita suke ja.

Wani abu da ya faru a Satumbar 2022 ya nuna yadda siyasar take. Ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, Kwasi Kwarteng, ya sanar da soke matakin kashi 45 na manyan masu albashi a Ingila. Shugaban 'yan Kwanzabatib na Sikotlan, Douglas Ross, ya fito ya ce lallai Holirud ta kwaikwaya. Kwana goma ba su cika wucewa ba kasuwa ta rikice, Landan ta janye maganar. Shekaru aka yi ana yi masa gori da wannan a zauren.

To sai maganar gida, wadda ita ce ta fi damun ki.

A nan Holirud na da iko sosai, kuma ta yi amfani da shi. Ta hana sayar wa mazauna gidajen ƙananan hukumomi gidajen da suke ciki daga Agustan 2016, bayan tsarin da aka faro zamanin Margaret Thatcher ya fitar da kusan gida rabin miliyan daga hannun hukuma. Daga Disambar 2017 ta kawo sabuwar yarjejeniyar haya wadda ba ta da ranar ƙarewa, mai gida kuma ba zai tashe ki ba sai da ɗaya daga cikin dalilan da doka ta lissafa. Tun ƙarshen 2012 duk wanda ya rasa muhalli ba da gangan ba yana da haƙƙin a sama masa mazauni na dindindin, ko da gwauro ne lafiyayye, abin da babu shi a Ingila. Mutanen Gilasgo ma suna alfahari da tarihinsu a wannan fanni: a 1915 matan unguwar Govan, da Mary Barbour a gaba, suka ƙi biyan ƙarin haya lokacin da mazajensu ke fagen yaƙi, har sai da gwamnati ta yi dokar ƙayyade haya ga ƙasar baki ɗaya. Gunkinta na nan a bakin tashar jirgin ƙasa ta Govan, in kin bi ta wajen ki duba.

Hana ƙarin da kika ji gaskiya ne, amma ya wuce. A Satumbar 2022, da tsadar rayuwa ta yi ƙamari, gwamnatin Nicola Sturgeon, wadda a lokacin take ƙawance da jam'iyyar masu rajin kare muhalli, ta hana ƙarin haya gaba ɗaya. Daga Afrilun 2023 aka sassauta zuwa kashi 3, a ƙarshen Maris 2024 dokar ta ƙare. Ra'ayina a kanta ba ya yi wa kowane ɓangare daɗi. Ta taimaki wanda yake cikin gida, wannan na gani da idona. Amma ta bar ƙofa a buɗe: iyakar ta shafi wanda ke zaune ne kawai, da ya fita mai gida na iya sa wa sabon shiga duk farashin da ya ga dama. Masu gidaje kuwa ba yara ba ne. Da suka san ba za su iya ƙari nan gaba ba, sai suka riƙa ɗora ƙarin shekaru tun ranar farko. Waɗanda suka sha wuyar su ne sababbin zuwa: ɗalibai, matasa masu barin gidan iyaye, da baƙi irinki. Na taɓa raka wani ɗalibi duba ɗaki biyu a hawa na uku na wani tsohon bene, muka tarar da mutum fiye da goma a jere a kan matakala, kowa da takardun albashinsa a hannu, dillalin na ba kowa minti biyar. Kafin mu sauko wani ya riga ya ce zai biya wata shida a dunƙule.

Sabuwar dokar gidaje da majalisa ta zartar a ƙarshen Satumbar 2025 ta yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofar. A yankin da aka ayyana, ƙari ba zai wuce hauhawar farashi da ɗorin kashi 1 ba, kuma ko ta halin ƙaƙa ba zai haura kashi 6 ba, ko da an canza mai haya. Sai dai ba ko'ina za ta yi aiki ba, kuma ba nan take ba: ƙaramar hukuma ce za ta fara auna halin da haya ke ciki a yankinta, sannan ministoci su ayyana. Masu kare muhalli sun ce an shayar da dokar ruwa har ta salance, masu gidaje da 'yan Kwanzabatib sun ce za ta kori masu zuba jari.

Ina Landan ta shigo? Ta hanyoyi da dama. Tallafin biyan haya da ake ba marasa ƙarfi Landan ce ke yanke adadinsa, kuma ta sha daskarar da shi shekara da shekaru alhali haya na hawa. A 2013 ta fara zaftare kashi 14 na tallafin ga wanda ke gidan hukuma da ɗaki ɗaya da ya wuce buƙatarsa, kashi 25 in biyu ne, abin da jama'a suka laƙaba wa harajin ɗakin kwana. Holirud ba ta soke shi ba, sai dai duk shekara ta ɗebi kuɗi daga kasafinta ta cike wa mutane giɓin. Kuɗin ruwan da ke sa masu gidaje ƙara haya Bankin Ingila ne ke tsayar da shi. Bashin da gwamnatin Edinbara za ta iya ciyowa don gine-gine an ƙayyade shi, wajen fam miliyan 450 a shekara lokacin da aka tsara. Sannan ga maganar masu neman mafaka. Ma'aikatar cikin gida ta Landan ce ke yanke musu hukunci, kuma da ta ba mutum takarda sai ta ba shi 'yan makonni ya bar masaukinta. Daga ranar ya zama nauyin ƙaramar hukuma, ƙarƙashin dokar Sikotlan mai sassauci. Gilasgo ta fi kowane gari a Sikotlan karɓar masu neman mafaka, shi ya sa da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan gidaje a Nuwambar 2023 ta ambaci wannan dalilin ƙarara.

Duk da haka, laifi tudu ne. A Disambar 2023 gwamnatin SNP da kanta ta zaftare kusan fam miliyan 200 daga kasafin gina gidaje masu rahusa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, alhali ta yi alƙawarin gida 110,000 kafin 2032. Ta ce Landan ce ta rage mata kuɗin manyan ayyuka, kuma an rage ɗin. Amma inda wuƙar za ta sauka ita ta zaɓa. Wata biyar bayan haka, a Mayun 2024, majalisa ta amince cewa ƙasar na cikin halin ta-ɓaci a kan gidaje, a shekarar da yara sama da 10,000 ke kwana a masaukin wucin gadi. A kasafi na gaba aka mayar da kuɗin, amma aikin gini ba famfo ba ne da za a rufe a buɗe, 'yan kwangila da filayen da aka saki ba sa dawowa a rana ɗaya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne harajin gida na ƙananan hukumomi, wanda ke ma kike biya duk wata. Wannan kacokan a hannun Holirud yake tun 1999, babu Landan a ciki ko kaɗan. Har yau ana lissafa shi ne da darajar da gida yake da ita a 1991. Gidan da aka gina bara ma sai an ƙiyasta nawa zai yi da a 1991 aka sayar da shi. Unguwannin da suka yi tsada tun daga lokacin suna biyan kaɗan, waɗanda suka tsaya cik suna biyan fiye da ƙima. SNP ta hau mulki a 2007 da alƙawarin soke shi. Ba ta soke ba, ba ta sake ƙiyasi ba, sai daskarar da shi da ta riƙa yi, har a Oktoban 2023 Babban Minista na lokacin, Humza Yousaf, ya sanar da wata daskarewar a taron jam'iyya ba tare da ya shawarci ƙananan hukumomin da kuɗin nasu ne ba. Dalilin shirun a fili yake: duk wanda ya sake ƙiyasi, dubban masu ƙuri'a za su ga takardarsu ta hau, kuma ba za su manta ba ranar zaɓe. 'Yan jam'iyyar Leba ma sun yi shekara takwas suna mulki kafin 2007 ba su taɓa shi ba, don haka in kin ji suna ɗaga murya a kai, ki san da wannan.

Dabarar da nake amfani da ita in ina kallon zaman mai sauƙi ce. Da minista ya ce "Landan", sai in tambayi kaina: dokar ce ba ya da ikon yi, ko kuɗin ne ba su isa ba, ko kuwa kuɗin na nan ya kai su wani wuri? Amsar kan bambanta daga jimla zuwa jimla a bakin mutum ɗaya.

Game da takardarki, ga abin da za ki duba yau. In yarjejeniyarki irin ta bayan Disambar 2017 ce, mai gida ba zai yi ƙari fiye da sau ɗaya cikin wata 12 ba, kuma dole ya ba ki sanarwar wata uku cikakku a kan takardar da doka ta tsara. Saƙon waya ko wasiƙar da ya rubuta da kansa ba su wadatar ba. In kina ganin ƙarin ya wuce hankali, kina iya kai maganar gaban jami'in tantance haya na gwamnati, amma wa'adin gajere ne, kwana 21 daga ranar da takardar ta iso ki kamar yadda dokar 2016 ta tsara, don haka kada ki ajiye ta sai kin huta. Kafin ki kai, ki nemi shawara kyauta a ofishin ba jama'a shawara ko ƙungiyar masu haya, domin jami'in da farashin kasuwa yake aunawa, ki tabbata abin da ake biya a makwabtanki bai fi abin da aka nema a wurinki ba. Ki kuma lura, in bizarki ta aiki ce, galibi an rubuta cewa ba ki da damar cin tallafin gwamnati, wannan sharaɗin na Landan ne kuma Holirud ba ta iya ɗage shi. Amma kariyar dokar haya ta shafe ki kamar kowa, haka ma ƙuri'a: duk baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya zaɓen 'yan majalisar Sikotlan in ya yi rajista. Wakilai takwas gare ki, ɗaya na mazaɓarki, bakwai na yankin Gilasgo, kuma kowannensu yana da ranar da yake zama ya saurari jama'a. Ki tafi da takardar da kuma yarjejeniyar hayar, ki rubuta ranar da ta iso ki a saman ambulan.